Goggo Ta Kai Usaina Wajen Masu Gwal

Salamu alaikum, masu bibiyata. Na ga saƙonninku, na ga masu cewa na yi shiru da yawa, har wata ta rubuto wai ko an ɗaura ne ban gayyace ku ba. Ba a ɗaura komai ba, 'yar uwa. Jira na yi hankalina ya ɗan kwanta kafin in ba ku labarin abin da ya same ni daga Juma'a zuwa Litinin.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Mufida, a Kubwa muke, ina aiki a wata cibiyar bincike a nan Abuja. Shafi'u abokin aikina ne, kuma shi ne mutumin da na daɗe ina karewa a gidanmu har bakina ya gaji. Mahaifina, Baffa, ya ba ni zuwa ƙarshen watan nan: ko Shafi'u ya turo magabatansa, ko a ba iyayen Murtala, ɗan amininsa, damar zuwa gaisuwa. Baffa bai ce dole ba, ya ce dai shi ya gaji da ba mutane haƙuri. Shafi'u kuwa maganarsa ɗaya ce kullum: "Bari mu gama gwajin ranar Litinin a tabbatar mini da aikina, sai in turo su Kawu."

Dole in ɗan yi muku bayanin aikin nan, ku yi haƙuri, ba aji zan mayar da ku ba. Akwai wasu igiyoyi irin na rediyo da ake kira terahertz, ido ba ya ganinsu, suna ɗaukar saƙo mai yawa cikin sauri fiye da waɗanda wayarku ke aiki da su. Matsalar ita ce duk abin da aka watsa a iska, wani na iya laɓewa a gefe ya kama. To mu wasu 'yan faranti biyu muke da su, kowanne bai fi kan sarki faɗi ba. A fuskarsa an zana dubban 'yan zane-zane na gwal, sirara fiye da gashin kai, Turawa na ce masa metasurface. Na farkon yana karɓar saƙo ya wargaza shi a iska, duk wanda ya tare a hanya shirme kawai zai gani. Sai igiyoyin sun faɗa kan na biyun, shi ke tattara su su koma hoto cikakke a na'urarmu, abin da ake kira hologram. Tare aka zana su, tare aka ƙera su a ƙasar waje domin babu injin a nan, mun yi wata da watanni muna jiransu. In ɗaya ya lalace, ɗayan ya zama banza. Shi ya sa muke ce musu Hassana da Usaina.

Shugabarmu, Dokta Lucia, tana da doka a kansu. Tagwayen ba sa kwana wuri ɗaya, don ko an sace ɗaya ba a samu ɗayar ba. Hassana tana ofishinta, Usaina tana kabad ɗin ƙarfe da makullinsa ke hannun Shafi'u. Ba a fita da su daga ginin, ba a taɓa su sai da safar hannu.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina kicin ina taya Ammi yanka alayyahu, saƙonsa ya shigo.

"Ina ƙofar gida. Fito da sauri, jirgi zai bar ni."

Jama'a, ku ga sakarci. Wai ni a zatona zance ya zo. Na watsar da wuƙar na ruga ɗaki, na zura atamfata mai ruwan goro wadda telan Utako ya kusa kashe ni a kanta, na yafa mayafi ruwan madara, na goga humra a wuya, har da ɗan kwalli. Na fito ina yanga na same shi tsaye jikin gate cikin farar shadda da hula zanna, jaka a kafaɗa, yana ta duban agogo. Bikin abokinsa zai tafi Kaduna a jirgin ƙasa.

Ko kwalliyar bai kalla ba. Wata 'yar jakar takarda ya miƙo mini, a ciki akwai jan akwatin agogo mai laushi, irin na karammiski.

"Mene ne?" na tambaya, zuciyata har ta fara tsalle.

"Usaina ce."

"Wace Usainar?"

"Tamu mana. Na kai ta wajen mai hoto ne a ɗauke ta da kyau saboda abin da za mu nuna ranar Litinin. Go-slow ya riƙe ni, kafin in koma an rufe ofis. Ba zan shiga jirgi da ita ba, kin san halin hanya."

"Shafi'u, ka fitar da ita daga ginin? Dokta ta sani?"

"Haba Mufi, wa zai gaya mata? Ki ajiye mini kawai. Litinin da sassafe in mayar da ita, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Wa nake da shi a garin nan da zan ba amana in ba ke ba?"

Wannan kalmar ce ta kashe mini jiki. Na karɓa. Ya tare ɗan acaɓa ya yi tasha, ko waiwaye babu.

Ina tura ƙofar falo guɗa ta tarbe ni, wallahi sai da na kusa sakin jakar. Goggo Asta ce, yayar Baffa, da ta zo daga Yola ganin likitan gwiwa, ɗakina muke kwana da ita. Ashe tun fitata tana manne da labulen taga.

"Ayyururui! Yau dai Allah ya buɗe hannun ɗan boko! Kawo mu gani, kawo."

"Goggo, ba abin da kike zato ba ne. Kayan aiki ne."

"Kayan aiki a jan akwati? Maijidda, zo ki ji 'yarki." Ammi ta leƙo daga kicin tana murmushi. Goggo ta ci gaba: "Mu ma haka muka yi. Ranar da marigayi ya aiko mini da warwaro cewa na yi na maƙwabta ne. Kunya ce, kuma ta yi miki kyau."

Na rantse, na sake rantsewa. Ku da kuka tashi a gidan Fulani kun san yadda abin yake: yarinya ba ta amsa cewa saurayi ya yi mata toshi, musu ake so ta yi, kuma iya ƙarfin musunta iya tabbacin da manya ke samu. Duk rantsuwar da na yi sai Goggo ta ƙara gyaɗa kai. Don in huta na buɗe akwatin daga nesa, ban cire murfin robar da ke ciki ba. Hasken taga ya faɗa kan Usaina, ta yi wani walƙiya ruwan gwal da launuka suna gilmawa a kai. Goggo ta dafe ƙirji.

"Kan sarƙa ne! Irin na zamani. Amma shi ne ya kawo babu igiyar?"

"Goggo, don girman Allah kar a taɓa. Ko yatsa ya hau kai ya lalace."

"To, to, mai miji. Ajiye abinki."

Na kulle a cikin wardrobe ƙarƙashin zannuwan gado, na sa makullin inda na saba sawa, cikin gwangwanin turaren wuta. Ban tuna cewa Goggo ta fi ni sanin gwangwanin ba, kullum da safe ita ke turara ɗakin.

Asabar da hantsi na tafi kitso, don in fito tsaf ranar Litinin gaban manyan baƙin da za su zo kallon gwajin. Shuku aka yi mini, mai kitson tana ta zuba ina ta murmushi ni kaɗai, ina lissafa kalar ankon da zan fitar. Sai bayan azahar na dawo.

Na samu Goggo zaune a tsakiyar doguwar kujera cikin lafayarta mai ruwan toka, ko cire ta ba ta yi ba, ƙafa ɗaya kan ƙaramin tebur. Ammi tana gefe ta yi tagumi. Jan akwatin yana gabansu a buɗe.

"Zo ki zauna," in ji Goggo. "Yau Allah ya tona asirin mayaudari."

Ban zauna ba. Akwatin nake kallo.

"Na ce bari in yi wa 'yata abin arziki, in kai kasuwar Wuse a huda shi a sa masa igiya, ki sa ranar aikin naku. Da gwiwar nan tawa na hau mota. Mai gwal ɗin ya ce bari ya gwada tukuna, ka'idarsu ce. Ya goga shi a kan baƙin dutsen nan nasu, gogawa ɗaya, Mufida, gwal ɗin ya bi dutse! Ya ɗiga ruwan gwaji, sai ga abu fari fat kamar fasasshen kofi. Mutane suka taru suna dariya. Ni Asta, da girmana, aka yi wa dariya a kasuwa saboda wannan yaron!"

Na durƙusa na ɗauko akwatin. Rabin fuskar Usaina ya tafi, an kankare shi, sauran rabin ya yi dabbare-dabbare, gefe ɗaya ya ɓalle. Ga shatin babban yatsa a tsakiya. Aikin da muka yi shekaru muna zanawa a kwamfuta, ni ce ma na zana kusan rabinsa da hannuna.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. "Goggo, kin kashe ni! Na ce miki kayan aiki ne! Na rantse miki!"

"Ke!" Ammi ta daka mini tsawa. "Yayar ubanki kike ɗaga wa murya?"

"Bar ta, Maijidda, zafin yaudara ne," Goggo ta ce tana gyara lafaya. "In ma na aikin ne, abin da gogawa ɗaya ke lalatawa ai dama ba abin kirki ba ne. Murtala da ya tashi, zobe ya aiko wa uwarki, na kai an gwada, ko gezau."

Kun ji fa. Ba ta ce yi haƙuri ba, har yau ba ta ce ba. Ni ce ma Ammi ta tasa gaba sai da na koma na durƙusa na ce, "Goggo, sannu da hanya, ki yafe mini." Na faɗa, haƙorana a cije, ina jin kamar in haɗiye zuciya in mutu.

Na shiga ɗaki na kira Shafi'u. Kiɗa ne ke tashi a bayansa, maroƙi yana ta kiran sunan ango. Na gaya masa komai ina kuka. Na ji ya fita daga cikin hayaniyar.

"Shafi'u?"

"Dutse? Ta goga ta a dutse?"

"Wallahi na kulle, na ɓoye makullin..."

"Innalillahi. Mufida, kin san abin da kika jawo mini kuwa?"

"Ni na jawo maka?"

"Zan kira ki."

Bai kira ba. Na tura saƙo, alamar ya karanta ta fito, babu amsa. Na sake turawa: "Ka yi mini magana ko zagi ne." Shiru. A status ɗinsa kuwa ga shi nan da abokan ango sun jeru, ya ɗaga babban yatsa.

Lahadi da hantsi sai ga sallamarsa, ba a gate ba, a cikin gida. Shafi'un da kullum yake cewa bai shirya haɗuwa da Baffa ba, shi ne ya cire takalmi ya zube a gabansa yana "Allah ya ƙara girma, Baffa." Ya zo da leda niƙi-niƙi: turmin atamfa, kwalbar turare, kilishi, har da man zafi na gwiwa wai na Goggo. Tun da muke bai taɓa kawo mini ko alawa ba sai ranar. Goggo ta karɓi man ta jujjuya shi, ta ce a dai duba ranar lalacewarsa.

Aka bar mu a ƙaramin falo. Na fito cikin doguwar riga baƙa da hijabi, ko hoda ban shafa ba, idona duk ya kumbura. Ya matso bakin kujera ya yi ƙasa da murya.

"Mufi, ban runtsa ba. Na yi ta tunani, hanya ɗaya ce."

"Ina ji."

"Gobe ki ce ke kika ɗauka."

Na ɗago na dube shi.

"Saurare ni. Ni makullin ke hannuna, ni na sa hannu na karɓi amanar. In aka ce ni ne, kora ce kai tsaye, kuma babu inda zai sake ɗaukata a fannin nan. Ke kuwa Dokta tana ji da ke, iyaka ta yi faɗa ta ba ki hutun dole. Ki ce na bar makullin a kan tebur, kika ɗauka don ki ƙara aunawa a gida."

"In auna da me a gida, Shafi'u? Da murhun Ammi?"

"Ki dai faɗi wani abu. Kuma tsakani da Allah, a gidanku abin ya lalace, ba a hannuna ba."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Ya ga ta shige ni, sai ya ƙara tausasa murya.

"In aka kore ni, da me zan aure ki? Wa zai ba marar aiki 'ya? So kike wata ya ƙare a kai ki gidan Murtala? Ke aikin nan ko babu shi ni zan riƙe ki. Ban gaya wa kowa komai ba, na ce sai na ji ta bakinki. In kin ce a'a, wallahi gobe ni zan tashi in amsa."

Idonsa har ya kawo ruwa. Ku ce mini sakarya, na yarda, amma ina son mutumin nan, kuma na ga kamar ya ɗora rayuwarsa a tafin hannuna ne ya ce in zaɓa. Na ce masa to. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ce samun mace irina sai an tona.

Litinin na sa atamfar da na ɗinka musamman don ranar, shuɗiya mai zanen ganye, na ɗaura ɗankwali a kan sabon kitsona. A ƙofar ofis na ga an manna sanarwa cewa an ɗage gwaji. Ban kawo komai a raina ba. Na wuce ofishin Dokta Lucia da jan akwatin a jaka.

Dokta 'yar Filato ce, Hausarta irin ta Abuja, kowa "kai" ne a wajenta. Mace ce mai faɗa amma ita ta ɗauke ni aiki, ita ta tsaya aka sa sunana a kan binciken lokacin da wasu ke cewa yarinya ce. Shafi'u yana zaune a kujerar gefe, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Na ajiye akwatin na buɗe. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, ba ta taɓa ba.

"Mufida, wa ya fitar da wannan abu daga building ɗin nan?"

Na saci kallon Shafi'u. Bai ɗago ba.

"Ni ce, Ma."

"Kai ne."

"Ni ce. Na ga makullin a kan tebur na ɗauka. Shi bai sani ba."

Ta cire tabarau ta murza idonta. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Na so ka ce mini ƙarya ne," ta ce a hankali. "Tun ranar Asabar da Shafi'u ya kira ni ya gaya mini kai ka sace key ɗinsa, na ce ban yarda ba, Mufida ba zai yi haka ba, sai na ji daga bakinsa. Ko barcin kirki ban yi ba."

"Ranar Asabar, Ma?"

"Asabar da rana. Yana wajen biki ma, da ƙyar nake jinsa."

Jama'a, ranar Asabar. Yana ajiye wayata ya kira ta. Kafin atamfa da kilishi, kafin ya zube gaban Baffa, kafin ya cika ido da hawaye ya ce bai gaya wa kowa ba sai ya ji ta bakina. Ya riga ya sayar da ni, ya zo ne kawai in sa hannu a cinikin.

Na juya na dube shi sosai. Ya ɗago, muka haɗa ido, ya ɗan girgiza mini kai alamar in yi shiru. Amma yanzun nan na amsa da bakina cewa ni ce. In na juya magana, na zama maƙaryaciya sau biyu a gaban matar da ta yarda da ni.

Dokta ta karɓi katin shigata. Ta ce in tafi gida sai kwamiti ya neme ni, kuma a cire sunana daga binciken. Shafi'u zai jagoranci sake zana tagwayen, tunda shi ya rage wanda ya san aikin. Ta ce, "Ka ba ni kunya, Mufida," ta juya wajen taga.

Ban san yadda na kai bakin titi ba. Ina cikin motar Kubwa, an matse ni tsakanin wata mai buhun tattasai da wani mai barci, wayata ta yi ƙara.

"Na gode, matata. Ba zan taɓa manta wannan ba. Na yi magana da Baffa yanzu, su Kawu suna nan tafe ranar Asabar in sha Allah."

Har da hoton zuciya ja a ƙarshe.

Na iso gida na samu Ammi ta fito da manyan kulolin baƙi tana wankewa, fuskarta fal murna, rabon da in ga haka na manta. Goggo tana shafa man gwiwarta tana cewa yaron dai da alama ya fara hankali. Babu wanda ya tambaye ni me ya dawo da ni da rana tsaka. Na shige ɗaki na zauna bakin gado da atamfata da takalmina, ban cire komai ba.

Da Baffa ya dawo daga sallar la'asar sai ya tsaya a bakin ƙofata, abin da bai saba ba. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Uwata, yaron nan ya kira ni. Kin daɗe kina ce mini in yi haƙuri mutumin kirki ne, ga shi Allah ya nuna mana. Ban ba shi amsa ba, na ce sai na tambaye ki."

Ya ɗaga labulen kaɗan yana murmushi.

"In ce su zo?"